Ranar da Dalsu Ya Wanke Teku

Duk tsibirin Solmi babu wanda bai san bakin Pyo Dalsu ba. Hannunsa kuwa an fi saninsa, don duk gidan da ya taɓa gyara wa wuta sai da suka sake firji. Tun yana saurayi ya ɗan taɓa aikin lantarki a jirgin fito, aka sallame shi ranar da ya haɗa wayar ƙahon jirgi da ta banɗaki, duk wanda ya kora ruwa sai jirgi ya yi kuka, gari ya ji. A bakinsa dai murabus ya yi, wai kyaftin na kishin basirarsa. Tun daga nan yake kiran kansa Injiniya. Abin gwada wuta ba ya barin aljihun gaban rigarsa, gashinsa kuma baƙi wuluk saboda rini, alhali sa'anninsa duk sun yi furfura.

Matarsa Sunrye ita ce mai hankalin gidan. A Solmi da gim ake ci, da gim ake sutura, wato baƙin ganyen tekun nan da ake busarwa fale-fale a naɗe shinkafa da shi. Irinsa a jikin ɓawon kawa, wato dodon koɗin teku, yake rayuwa duk tsawon lokacin zafi, sai sanyi ya kawo kai a sake shi ya kama raga. Bana ne karo na farko da ƙauyen ya ce ya gaji da sayo iri daga babban gari, aka danƙa wa Sunrye renonsa. Ta jera ɓawon a igiyoyi, ta rataye su cikin kwamaye a ɗakin da ke bayan gidansu, tana lallaɓa su har suka yi baƙi suna sheƙi. Kowa ya sani, in irin nan ya mutu, ragar kowane gida haka za ta yi sanyin bana fayau, sunan Sunrye kuma ya tafi tare da shi.

Ana nan sai ga wata Dakta Seol daga jami'a, aka tara mutane a ɗakin taro. Akwai gonar kifi a ƙetaren gaɓa wadda bututunta ke zubo ruwa kusa da matsayar jirgi, duk zafi sai teku ya yi ja, kifi ya taso ciki sama.

"Kashin kifi da ragowar abincinsu taki ne," in ji Dakta Seol. "In ya yi yawa, shi ke shaƙe teku. To cikin lakar bakin ruwanku akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. In aka ba su masauki a jikin sandar gawayi, aka ɗan sakar musu wuta, sai su cinye takin su mayar da shi iska."

Dalsu ya zunguri shugaban ƙauye, Bang, da gwiwar hannu.

"Yaya, ka ji ko? Tunanina ne wannan. Tun ina jirgi na faɗa wa kyaftin."

"Ka faɗa wa kyaftin abubuwa da yawa. Shi ya sa ya sauke ka."

"Ni na sauka!"

"Jakarka aka fara jefowa, ina tsaye a wurin."

Suna cikin wannan ja-in-ja Dakta Seol ta yi gargaɗi biyu. Ta ce wutar kada ta wuce ta ɗan tocila, don ruwan gishiri in ya sha wuta da yawa bilic yake komawa, sinadarin nan mai cin launin tufa. Ta kuma ce kada a kusanci gim da abin, don shi takin nan ne abincinsa. Duk ɗakin sun ji, ban da mutum ɗaya. Abin da kunnen Dalsu ya tsinta kawai shi ne na ƙarshe, wai mai bincike na gaskiya yakan ware wani kaso bai taɓa shi ba, don a gwada a ga bambanci. Da aka zagaya da tsinkayen gwaji, waɗanda ke yin ja in akwai taki a ruwa, kowa ya ɗauki ɗaya. Dalsu ya cika aljihu.

Ba a jima ba 'yarsu Miran ta haihu a birnin Mokpo, dole Sunrye ta tafi ta dafa wa mai jego miyar ganyen teku. A matsayar jirgi ta tsaya ta dubi mijinta ido cikin ido.

"Baban Miran, abu ɗaya nake roƙonka."

"Faɗi, Maman Miran. Famfo ne? Fitila ce?"

"Kada ka taimake ni."

Makullin ɗakin iri kuwa ba shi ta ba wa ba. Ta ba maƙwabciyarsu Iya Gyesun, tsohuwar da ta san Dalsu tun yana yawo ba wando. Ta ce mata kullum da sassafe ta zuba ludayi ɗaya na taki a kwamin farko, famfo zai zagaya da shi. "Amma Iya, kada ya sani. In ya ji ana zuba abu, zai ce ya fi kowa iyawa, ya juye buhu guda."

Jirgi bai gama ɓacewa ba Dalsu ya zagaya bayan ɗakin. A can akwai babbar ganga wadda ruwan kwamayen ke bi ta cikinta kafin famfo ya mayar da shi ciki. Wai shi duba waya ya je yi. Sai hannunsa ya kai aljihu, ya tsoma tsinke ɗaya. Tsinke ya yi jawur.

"Tirƙashi!" Ya dafe ƙirji. "Ashe cikin ƙazanta matar nan ke renon irin gari! Ai kuwa ta auri Injiniya."

Nan take ya ga abin a idonsa: Sunrye ta dawo ta tarar da ruwa garau, Bang na sunkuya masa, Dakta Seol na roƙon ya zo jami'a ya koya wa yara. Ya ɗauki bokiti ya nufi bakin teku lokacin da ruwa ya janye.

Matan da ke tonon kawa suka ɗago suna kallonsa. Ya wuce inda kowa ke tsayawa, wai ƙwayoyin can ciki sun fi ƙarfi. Taku kaɗan laka ta haɗiye shi har cinya.

"Injiniya, shuka kanka kake yi?"

"Samfur nake ɗiba! Ku ba za ku gane ba."

"To ɗebi da sauri, ruwa na dawowa."

Sai da suka shimfiɗa masa katako suka jawo shi kamar buhun gishiri. Ya fito da bokiti cike, takalmin roba ɗaya kuwa yana can har yau. Ya ɗebo gawayi daga gidan gasa nama, ya cire batirin babur ɗinsa, ya nannaɗe komai da waya, ya zura a ganga, ya bi da laka.

Saura kason gwaji. Ƙofa a kulle, amma akwai 'yar taga ta sama. Ya taka ganga ya zura kai da kafaɗu, ya jajjawo igiyoyin ɓawo daga kwamin ƙarshe yana cillowa waje. Da ya zo fita sai tumbi ya ce bai san zancen ba. Yana nan rabi ciki rabi waje, ƙafafu na harbin iska, sai ga muryar Bang.

"Dalsu, shiga kake ko fita?"

"Tagar nake aunawa, Yaya. Tana shigo da iska."

"Da cikinka kake awo?"

"Ja ni, don girman iyayenka!"

Bang ya kama ƙafa ya ja, suka zube tare. Ya kakkaɓe wandonsa ya ce tunda ba wuta ake taɓawa ba da sauƙi, ya yi gaba. Dalsu ya kwashi igiyoyin ya kai su ƙarƙashin matsayar jirgi, daidai bakin bututun gonar kifi, inda ruwa ya fi ko'ina ƙarni. Ya ɗaure su a inuwa yana murmushin mugunta. "Ku zauna nan ku sha ƙazanta. Ranar nuni ku ne abin tausayi."

To ga inda abin takaicin yake. Duk abin da Dalsu ya taɓa haɗawa a duniya, ko ya ƙone ko ya fashe. Wannan kuwa sai ya yi aiki. Ƙwayoyin suka samu gawayi, suka samu 'yar wuta daidai cikinsu, suka zauna suka kama ci. Bayan 'yan kwanaki ya tsoma tsinke da yamma, ya fito da ɗan ja kaɗan. Dalsu ya yi tsalle ya rungumi ganga.

"Yarana! Ma'aikatana! Haka nake so!"

Washegari da hantsi ya sake tsomawa don ya ƙara jin daɗi. Jawur.

Ya juya tsinken, ya hura shi, ya sake wani. Jawur. Da yamma ja ya ragu, da safe ya dawo. Dalsu ya zauna a kan bokiti ya yi tunani mai zurfi, irin nasa, ya gano cewa maƙiya ne. Wani ne ke lallaɓowa yana zuba masa ƙazanta don kada sunansa ya fito. Waye kuwa in ba Bang ba? Saboda haka bai ji ko ɗar ba da ya cire batirin taraktar Bang ya ƙara a kan na babur.

A cikin ɗaki kuwa Iya Gyesun ce ke nata tashin hankalin. Ɓawon da ta karɓa baƙi ƙirin ya soma komawa ruwan shayi. Ta ce ko dai ludayinta ne ƙarami? Ta mayar da shi biyu. Dalsu ya ga ja ya ƙaru, ya ce yaransa sun gaji ne, suna bukatar abin ƙarfafa jiki, ya juye musu tulun giyar shinkafa. Ganga ta yi kumfa, ta tumbatsa, bayan gida ya ɗauki wari irin na mashaya da aka manta ba a share ba. Karnukan unguwa suka lashi kumfar suka kwanta a hanya suna lumshe ido. Iya ta ga ɓawo ya ƙara koɗewa, ta koma zubawa da kwano.

Suka haɗu a bakin hanya, ita da kwano a ɓoye cikin zani, shi da waya a bayansa.

"Iya, sammako haka? Ina aka fito?"

"Inda ban gayyace ka ba. Me kake ɓoyewa a baya?"

"Bayana ne ke ciwo. Ke me ke cikin zaninki?"

"Tsufa ne. Kai, wannan warin fa da ke tashi a bayan gidanku?"

"Kimiyya ce, Iya."

"Uban Miran, kimiyyar nan taka irin wadda ubanka ke dawowa da ita daga kasuwa yana tangaɗi ce. Matarka ba ta nan ka mayar da gida mashaya ko?"

"Za ki ji a lasifika."

"Na ji ka tun kana zanin goyo, ban taɓa jin abin kirki ba."

Kowa ya wuce yana hararar ɗan'uwansa. Iya ta so ta kira Sunrye, amma ba a kai wa gidan jego mummunan labari, ga kunya kuma, don a zatonta hannunta ne ya ɓata amanar da aka ba ta. Tsohuwar nan har ramewa ta yi. Sunrye kuwa takan kira mijinta a waya.

"Baban Miran, ka taɓa wani abu?"

"Ni? Ko ƙofar ɗakin ban taɓa ba."

"Ka rantse?"

"Na rantse da jikana."

Bai yi ƙarya ba, ta taga ya bi.

Da ranar dawowar Sunrye ta matso, wadda daga ita sai sakin iri a raga, Dalsu ya faki idon Bang. Shi Bang yana can gona da samari suna tura tarakta, an rasa dalilin da ya sa ta ƙi tashi. Dalsu ya shige ɗakin taro, ya hura makirufo, muryarsa ta fita ta kowace lasifika a tsibirin.

"A-a, a-a, ana ji na? Jama'ar Solmi, Injiniya Pyo ne ke magana. Abin da jami'a ta yi a ɗan akwati, ni na yi shi a ganga. Na wanke ruwan irinku tas! Ranar da jirgin Mokpo zai kawo Maman Miran kowa ya hallara a bayan gidana, za a yi bikin buɗe inji. Masu zuba mini ƙazanta a ɓoye kuma, na san ku, ku zo ku ga kunyarku. Bayan wannan, tekun gaba ɗaya zan wanke. Shi ke nan."

Ya kira Dakta Seol ma ya ce ta biyo jirgin, ya gyara mata 'yan kurakuran da ke cikin aikinta. Ita kuwa ta ɗauka ƙaramin gwaji ne a bokiti, ta ce za ta zo da murna.

Mutane suka ji an ambaci iri, gabansu ya faɗi, amma aka ce ai makulli na hannun Iya, me zai iya yi daga waje? Iya kuwa kunnenta ya yi nauyi, abin da ta tsinta kawai shi ne Sunrye na dawowa. Safiyar ranar ta leƙa kwamaye, ta ga ɓawo ya yi fari-fari kamar mai ciwon shawara. Ta ce yau ko ni ko su. Ta kinkimi ragowar buhun taki ta juye duka.

Dalsu ya fito cikin farar riga, gashi ya sha sabon rini, ya tsoma tsinke don tabbatarwa. Jan da ya gani bai taɓa ganin irinsa ba, har ya so ya yi baƙi. Gumi ya karyo masa. Ga mata sun soma kawo tabarmi, ga teburin biki an jera yadda al'adar garin take in za a buɗe sabon abu: kan alade yana murmushi, wainar shinkafa, tulun giya. Ya dubi batiran nan biyu ya yi tsaki.

"Wutar yara! Shi ya sa suke kasala."

Ya shiga rumfa ya gungurowa da injin walda. Ya maƙala wayoyinsa a gawayi, ya murɗa har ƙarshe. Ganga ta yi gurnani, ruwa ya kama tafarfasa, famfo kuma na ta aikinsa yana kai shi cikin kwamaye. Ya ba shi lokaci, ya tsoma tsinke. Ya fito fari fat, har rubutun jikinsa ya goge.

"Yauwa! Ai na san wuta suke so!"

Jama'a suka taru. Tun ba a zauna ba aka soma tari.

"Kai, mene ne ke yaji a ido haka?"

"Ƙamshin tsabta ne," in ji Dalsu, hawaye na zubo masa. "Hancinku bai saba ba."

"Ni kam warin banɗakin asibiti nake ji."

"To ka taɓa ganin ƙazanta a asibiti?"

Bang ya iso cikin baƙin kwat ɗinsa na zuwa biki, wanda tun auren ɗansa yake rataye. Ya hango batirin taraktarsa a gefen ganga, ya buɗe baki, amma aka ce shugaba ya fara gaisuwa, ba a faɗa a gaban teburin biki. Ya haɗiye, ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa. Daidai nan tiyon ganga ya fizge, ya kama rawa kamar maciji, ya wanke Bang tun daga ƙeya har dugadugai, ya wanke kan alade, ya wanke sahun gaba. Dalsu ya yi kukan kura ya danne tiyon da ƙirji, ruwan ya bi ta kansa.

"Ba komai! Ruwa ne mai tsabta! Albarka ce!"

Ya miƙe ya hau kan bokiti ya fara jawabi. Ya fara daga jirgin fito, ya bi ta kan kyaftin, ya zo kan masu hassada. Yana magana mutane na nuna bayan Bang, inda baƙin kwat ke fitar da tabo ja-ja, nan ɗaya can ɗaya, har ya koma kamar fatar damisa. Sai kuma aka koma nuna shi kansa mai jawabin. Rinin ya narke yana gangarowa ta kunne zuwa farar riga, gashin kuma ya koma kalar karan shinkafa. Dariya ta ɓarke. Dalsu ya ɗauka jawabin ne ya yi daɗi, ya ƙara murya.

"Wanda ke shakka, ga shi zan sha a gabanku!"

Ya kamfata a kofi ya kurɓa. Ya fesar da shi a fuskar alade, ya kama maƙogwaro yana kakari.

Ƙahon jirgi ya yi kuka. Ba a jima ba sai ga Dakta Seol a guje, ta toshe hanci da gyale, tun daga hanya ta ji warin. Ba ta gai da kowa ba, ta fizge wayar injin walda daga bango.

"Ku ja baya! Ku matsa inda iska take! Wa ya sa wa ruwan gishiri injin walda? Bilic kuka dafa! Ina ruwan nan yake zuwa?"

Kowa ya juya ya dubi bututun da ya shige ta bangon ɗakin iri. Dariya ta ɗauke ɗif.

Sunrye na tsaye a bayan taro da ƙunshin kayanta. Ta ajiye shi a ƙasa, ta miƙa wa Iya hannu, Iya ta sa mata makulli. Ta buɗe ƙofa, ta bari iska ta fita, ta shiga. Ta ɗago igiyar farko. Fari tas, kamar haƙoran roba. Ta ɗago ta biyu, ta uku, ta bi kwamayen ɗaya bayan ɗaya. Da ta fito ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba Dalsu tsoro. Ranta ya ɓaci ɓacin da bai taɓa yi ba, don tun ƙarshen sanyin bara take wanke ɓawon nan ɗaya-ɗaya da hannunta, ga shi gari ya yarda da ita.

Iya ta fashe da kuka. "Ni ce, 'yar nan! Takin da kika ce in zuba, na ga suna koɗewa, na yi ta ƙarawa, yau har buhun na juye!"

Dalsu ya zaro ido. "Ke ce mai zuba ƙazantar?"

"Ƙazantar uwaka! Abincinsu ne!"

"Wato ita tana ba su abinci, kai kana ƙwacewa," in ji Bang, yana ɗiga. "Da batirina."

"Ai na faɗa a ɗakin taro," in ji Dakta Seol.

"Lokacin yana ba ni labarin kyaftin," in ji Bang.

Da wani mai kunya ne, da nan ya nemi ƙasa ta tsage. Dalsu kuwa sai ya gyara tsayuwa, ya share rini daga gira.

"To, an ɗan samu kuskuren awo. Amma ku zo ku ga abin da ƙazanta ke yi, sannan ku yi mini hukunci. Na ware kason gwaji, kamar kowane mai bincike."

"Wane kaso?" Wannan ce maganar Sunrye ta farko.

"Na kwamin ƙarshe. Na rataye su a bakin bututun gonar kifi. Yanzu haka sun ruɓe, za ku gode mini."

Sunrye ba ta jira ya ƙarasa ba, ta nufi matsayar jirgi, gari ya bi ta. Dalsu ya sha gabanta, ya kwanta rub-da-ciki a kan katako, ya jawo igiya da ƙarfi don kowa ya ga abin tausayi. Ɓawo ya fito baƙi ƙirin yana sheƙi, ya fi yadda ta bar shi. Ya sha kashin kifi ya ƙoshi. Dakta Seol ta duba da gilashinta, ta sake dubawa, ta ce iri na nan da ransa.

Dalsu ya dubi ɓawon, ya dubi jama'a, sai ga ƙirji na tasowa.

"Kun gani? Kun gani ko? Da gangan na ɓoye su! Injiniya ba ya zuba komai a wuri ɗaya. Ba don ni ba—"

"Baban Miran."

Ya saki igiyar ya ja gefe.

Sunrye ta jawo sauran igiyoyin da kanta, ta shimfiɗa su a kan katako, ta daɗe tana kallo. Ba su da yawa. In an lallaɓa, kowane gida zai samu na 'yan raguna, abin da zai hana tukunya bushewa, ba abin da zai kai kasuwa ba. Ta juya ta fuskanci mutane, ta sunkuya har ƙasa ta ba su haƙuri. Sannan ta soma rabo, gida-gida, ta fara da Iya. Da ta miƙa igiyar ƙarshe, hannunta ya koma wayam.

"Maman Miran, namu fa?" in ji Dalsu a hankali.

"Namu na can cikin ɗaki. Ai ka riga ka wanke su."

Sanyin bana ragar gidan Pyo ba ta ga ruwa ba, tana naɗe a rumfa kusa da injin walda, wanda Bang ya cire wa waya. Ɗakin taro ma ya sa masa kwaɗo saboda makirufo. Dalsu ya yi sanyin a jirgin Iya Gyesun yana jan raga, tana zaune a baya cikin bargo tana koya masa aiki da baki. Dakta Seol ta kafa nata akwatin can a gonar kifi, nesa da gim, da 'yar wutarta ta tocila. Sunrye kuwa ta tsinke fararen ɓawon a doguwar igiya, ta gitta ta a ƙofar ɗakin iri har ta zagaye taga, irin yadda ake gitta igiya a ƙofar gidan jego don hana shiga. Ta ce wannan ta mutum ɗaya ce.

Ranar da aka kawo jariri ganin gida, Dalsu ya ɗauke shi ya kai shi bakin igiyar. Gashinsa fari yanzu, ya daina rini. Ya leƙa hagu da dama, ya rage murya.

"Ka ga nan? Nan kakanka ya haɗa inji. Kome za su faɗa maka, ka riƙe wannan: injin ya yi aiki."

"Ya yi," in ji Sunrye daga bayansa, tana wanke sabon ɓawo a baho, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tun da na aure ka, abu ɗaya ke nan da ka haɗa ya yi aiki, Baban Miran. Shi ne kuwa ya cinye mana shekara."

Dalsu ya miƙa wa Miran ɗanta, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a gefen baho.

"Kada ka taɓa," in ji Sunrye.